Abin da Na Binne Ƙarƙashin Gidajenmu

Mai girma shugaban wannan zama, mai girma wakilin hukumar rabon filaye, malamanmu da dattawanmu, malamar asibitin unguwa, iyayena mata da ke zaune can baya, maƙwabtana, da duk wanda ya baro sana'arsa ya zo, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama, ko da yake sunana ba ya cikin jerin masu magana. Ina kuma godiya ga hukuma da ta tara mu kafin ta raba sababbin filayen gefen gabas, ba bayan ta raba ba.

Yawancinku da Mai Katafila kuka san ni. Shekara goma sha tara na yi ina tuƙa katafila a kamfanin haƙar ma'adinai, kuma da kamfanin ya tashi, ni aka ba aikin cike ramukan da ya bari. Wannan ɗakin taro, da gidajenku, da nawa gidan, duk a kan ƙasar da na tura suke zaune.

Maganata ta farko a kan abin da ke ƙarƙashinmu ce. A gefen gabas akwai tafkin da ake zuba ruwan wankin dutse, ruwa mai launin tsatsa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ko tsuntsu ba ya sauka a bakinsa. A takarda an ce za a kwashe lakar, a shimfiɗa yumɓu mai kauri, sannan a rufe. Yumɓun bai zo ba. Na samu shugaban aiki na ce, "Yallaɓai, haka za mu rufe shi?" Ya ce, "Kai direba ne ko injiniya? Tura ƙasa." Na tura. Kaurin ƙasar da na zuba bai kai tsayina ba. Aka shuka ciyawa, ta yi kore shar, aka zo aka ɗauki hoto. Da aka yi rabon farko na karɓi filina ina murna, na kama bakina na yi shiru.

Maganata ta biyu a kan abin da ya fara fitowa ce. Shekara huɗu muka yi lafiya. A damina ta biyar maiɗakina ta wanke mini farar riga, ta fito jajir kamar an turmuza ta a ƙasa. Na yi mata tsiya na ce ido ya fara tafiya. Ta ce, "Malam, idona ƙalau yake, ruwanka ne ya canza. Kurɓa ka ji." Na kurɓa, sai na ji kamar na tsotsi tsohuwar ƙusa. Na san wannan ɗanɗanon, jama'a. Shi nake ji a maƙogwarona duk ranar da iska ta kaɗo daga tafkin.

Na kira Dogo mai haƙar rijiya ya yashe mana rijiyar gidanmu. Ya shiga, bai daɗe ba ya girgiza igiya muka jawo shi, idanunsa na zubar da ruwa, ƙafafunsa sun yi ja. Ya ce, "Baba, shekara talatin ina shiga rijiya, ban taɓa jin tsoron wata ba sai wannan." Ko aikin bai ƙarasa ba ya tafi. Ku da ke kusa da rafi, yaushe rabonku da jin kukan kwaɗi? Awakin maƙwabciyata uku sun yi ɓari cikin wata guda. Yara nawa ne a layinmu suke fama da ƙaiƙayi da ciwon ciki wanda magani ba ya ji?

Yanzu surukata, matar ɗana na fari, tana da ciki wata takwas. Tun ranar da aka kawo ta gidana wannan ruwan take sha. Da ta je awo, malamar asibiti, ga ta nan zaune, ta biyo ta har gida ta ce, "Baba, wane ruwa kuke sha?" Na nuna mata rijiyar. Mun daina shan rijiyar, muna ɗebowa daga nesa, amma wanda ya riga ya shiga jiki fa? Ita yarinyar tana ɗinka kayan jariri tana dariya, tana cewa in shirya raino. Ni kuwa ina tsoron ranar da kowa a gidan yake ɗoki. Ina tsoron in ji kuka, ina tsoron in ji shiru.

Mun cika kwalba da ruwan rijiyar mun kai ofishin hukuma wata uku da suka wuce. Har yau ana ce mana ana dubawa.

Saboda haka, wakilin hukuma, ranka ya daɗe, ga roƙona. A dakatar da rabon gefen gabas, domin filayen da kuka zana a kan tafkin nan suke, har da wanda kuka ware wa makaranta. A auna ruwan kowace rijiya, a karanta mana sakamakon a wannan ɗakin, da harshen da muke ji. A auna jinin yaranmu da na masu ciki. Kafin nan, a kawo mana ruwa a tanka. Masu shirin haƙa rijiya kuma, don Allah ku dakata.

Idan takardun kamfani sun ɓata, ni ban ɓata ba. Gobe da safe a haɗa ni da ma'aikatanku, in taka in nuna musu iyakar tafkin kusurwa-kusurwa. Idan kuma akwai hukunci a kan wanda ya tura ƙasar, kun san ƙofar gidana.

Maƙwabtana, shekara biyar muna gaisawa ina sane da wannan. Ku yafe mini, in za ku iya.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu daga abin da muka sha ba mu sani ba, da wanda muka sani muka yi shiru. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba shugabanninmu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.