Furen da Hannuna Ya Ƙi Mantawa

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai cetonmu.

Sunana Rifkatu. Wasunku sun san shagona na surfani a Titin Koudoukou. Keken ɗinki biyu ne a ciki, nawa da na ƙanwata Saratu. A shekarun tashin hankali, wata rana da hantsi ta ce za ta kai wa wata mata riga a unguwar Yakité. Ba ta dawo ba. Har yau ko gawarta ba mu gani ba.

Ban zauna makoki ba, aiki na kama. Da na ɗaga ƙafa daga keke sai in ji nata yana tafiya a bayana, alhali a lulluɓe yake. Don haka na daina ɗagawa. Ran Lahadi ma daga coci sai shago. Mutane suna yaba ƙwazona, ba su san gudu nake ba.

Wata rana maƙwabciyata Hajiya Zuwaira, mai sayar da atamfa, ta shigo da riguna uku da na yi mata, ta shimfiɗa su a gabana.

Ta kira ni da sunan ɗana, ta ce, "Maman Dauda, duba da kyau. Zare daban-daban, amma fure ɗaya ne. Wannan ba zanen Saratu na ƙarshe ba ne?"

Na duba. Shi ne, har da ganyen da ba ta ƙarasa ba! Shekara da shekaru hannuna yana maimaita shi ban sani ba, ni da a da ba na zane ɗaya sau biyu.

Hajiya ta ce, "Rufe shagon nan, ƙanwata. Ni zan ba masu kaya haƙuri."

Na koma gida da rana tsaka, ɗaki shiru. Na durƙusa na ce, "Ubangiji, tsoron shirun nan nake ji. Kai da ka huta bayan ka gama halitta, ka zauna da ni." Sai kuka ya ɓalle mini. Ranar na fara kiran sunan Saratu da bakina tun ɓatanta.

Mako uku ban taɓa allura ba. Da farko na rasa abin da zan yi da hannuwana. Wata safiya ina tsinke ganyen rogo don miya, sai na tsaya ina kallon ganye ɗaya, yadda ya buɗe kamar tafin hannu. Na nemo fensir. Haleluya! Sabon zane ya fito.

Ciwon bai gama warkewa ba, amma yanzu ina iya zama da shi. Na gode wa Ubangiji. In akwai mai ɓuya cikin aiki a nan, ɗan'uwa, 'yar'uwa, tsaya. Ka amince da Ubangiji, ba zai bar ka kai kaɗai a ɗakin ba. Amin.