Gashi Uku a Haɓar Hajiya

"Rabi, mene ne wannan kika bari a haɓar Hajiya?"

"Gashi ne, Madam. Guda uku."

"Na ga gashi ne. Cewa na yi don me kika bar shi?"

"Ai arzikinta ne, Madam."

Hauwa'u, rufe bakin nan kar ƙuda ya faɗa. Ku matso in faro muku daga tushe, ku ji yadda yayarku ta tafi ci-rani Abuja da kaka, ta dawo Badarawa tun ba a yi shuka ba.

Kun tuna jar tunkiyar Inna? Ita aka ja zuwa kasuwar Shinkafi aka yi mini kuɗin mota. Inna ta tsaya tana kallon turken. Wata 'yar garinmu ce ta samo mini aiki a shagon gyaran jiki. Mai shagon Bahaushiya ce tsaf, sunanta Zainabu, amma in ba ki ce Madam Zi ba ko waiwayowa ba ta yi. Ta hanci take magana, kamar haka: "Rabi, kwastoma tana da afoyinmen." Sati guda na yi ina zaton wata cuta ce ke damun matan Abuja, ashe lokacin zuwa ne da aka tsayar.

Ranar farko ta zazzage sikari mudu guda a tukunya. Na ce a raina yau akwai suna. Ta matse lemun tsami, ta ɗan zuba ruwa, ta rage wuta har abin ya yi launin zuma. Ta ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, ya dunƙule. Da ya huce ta yi ta ja tana naɗewa har ya yi danƙo. Ta ce halawa ke nan. Yawuna ya tsinke. Sai kawai na ga ta shafa a ƙaurin wata mata, ta fizge. Gashi ya biyo duka. Matar ta ce "wash," ta kuma miƙo ɗaya ƙafar. Da aka gama Madam ta jefa dunƙulen a kwandon shara. Sikari fa, Hauwa'u. Irin wanda Baba ke kullewa a akwati sai azumi. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Amma na koya. Tukunya biyu na ƙona, ta uku hannuna ya faɗa, har mata suka fara cewa a ba su 'yar Zamfara.

Sai ga wannan Hajiya. Motarta ta fi ɗakin nan girma, kowane yatsa da zobensa. Na yi mata hannu, na yi ƙafa, ina zuwa fuska na ga gashi uku a haɓa, baƙaƙe, masu kauri. Ku kun sani, a nan gida in gemu ya fito wa mace murna ake yi mata, dukiya ce ke tafe. Goggonmu tana da biyar, ko jikokinta ba ta yarda su taɓa. Na dubi zobban, na dubi gashin, na ce ga inda abin ya samo asali. Sai na kewaye su a hankali, yadda ake nome ciyawa a bar gero.

Nan ne Hajiya ta ɗaga madubi, Madam ta ja ni bayan labule muka yi waccan magana. Ta ƙare da cewa, "Ko ki cire su yanzu, ko ki haɗa kayanki."

Na tuna turken Inna babu komai. Na koma, na yi bisimilla, na fizge. To amma in jefa arzikin baiwar Allah a shara? Na tsince su ɗaya-ɗaya daga cikin halawar, na wanke, na naɗe a takarda, na durƙusa.

"Hajiya, ki sa a jakar kuɗinki. Wataƙila su ci gaba da aiki daga can."

Ta buɗe, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Zi, daga wane daji kika samo wannan?" Ta wurgo mini takardar a cinya. Madam ta sallame ni, kafin la'asar ina tasha.

Da na sauka daga babur a ƙofar gida, Inna ta dubi jakata, ta dube ni, ta kawo ruwa. Ban dawo da tunkiya ba, sai hannun da ya iya halawa. Na zauna na ba manyan gida labari kamar yadda nake ba ku. Goggo ta gyara zama, tana shafa haɓa.

"Ke Rabi, ina gashin shike yanzu?"

"Ga shi nan ƙulle a bakin zanena, Goggo."

"Miƙo nan, ɗiyata, in gama da nawa su zan takwas. Halama ƙarancinsu ne ya sa shekara arba'in ban ga komi ba."