Muryar da Rahila Ta Roƙa

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Bitrus, mai gyaran babur a nan Daura. Yawancinku kun san ni, kun kuma san halin da na shiga a baya, don haka ba zan ɓoye kome ba.

Wana Yusufu ya rasu bayan ya daɗe yana fama da ciwon kai, kunnuwansa suka toshe, tafiya ta gagare shi. Haka mahaifiyarmu ta yi kafin shi. Ya bar matarsa Hannatu da 'yarsu ɗaya, Rahila.

Rahila tana shekara goma sha ɗaya ta fara tangaɗi in tana tafiya, a kira ta ba ta juyowa. Aka kai ta babban asibiti a Kano, aka ɗauki hoton kanta. Likita ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, kusa da jijiyar ji, irin wanda ba a cika gani ba, kuma gadonsa ake yi. Ya ce 'yan'uwan ubanta su zo a duba su.

Da Hannatu ta faɗa mini, tsoro ya kama ni. Ina da 'ya'ya biyu! Na ƙi zuwa gwajin, na kuma daina shiga gidansu, domin in na dubi yarinyar sai in ga kabarina da na 'ya'yana.

Da ma ina taɓa giya. Tun da shari'a ta zo aka rufe wuraren sha, sai in hau babur in bi ta Kongolam in tsallaka iyaka in sha a can. Da tsoro ya kama ni, abin da nake yi sau ɗaya a wata ya koma kusan kullum.

Wata Talata Hannatu ta zo har rumfata. Ta ce, "Bitrus, jibi za a kwantar da ita don aiki. Ba ni da namijin da zai tsaya mini sai kai."

Na ce, "Kada ki damu, Maman Rahila, da sassafe zan zo."

Ban zo ba. Ya Allah! Ranar Alhamis ɗin nan a tsallaken iyaka ta same ni, ban san inda kaina yake ba.

Washegari na iske gidan a kulle. Maƙwabcinsu Alhaji Sani, mai fataucin shanu a kasuwar Mai'adua, yana zaune a ƙofar gidansa. Ashe shi ya bar harkokinsa ya kai su a motarsa. Bai zage ni ba. Ya ce, "Malam Bitrus, tun daga nan har Kano yarinyar nan tana tambaya ko Baffanta yana biye da mu. Na ce mata kana tafe. Kada ka maishe ni maƙaryaci."

Daga nan ban tsaya ko'ina ba sai cikin ɗakin sujadar nan. Rana tsaka ce, ba kowa. Na faɗi a gaban bencin can na yi kuka. Na ce, "Ya Yesu, tsoro ya cinye ni. Ban roƙe ka ka ce ba ni da ciwon ba. Ka ba ni ƙafar zuwa wurin marainiyar nan kawai." Ban ji wata murya ba, ban ga wahayi ba. Amma da na miƙe, nauyin da ya danne mini ƙirji wata da watanni ya sauka. Na nufi tasha.

Na sami Rahila a kwance a asibiti, an aske mata kai. Na fara ba ta haƙuri, sai ta ce, "Baffa, zagayo ta nan, wannan kunnen ne yake ji." Na zagaya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Muryarka irin ta Baba ce. Likita ya ce wataƙila bayan aikin ba zan ƙara ji ba. Ka yi ta yi mini magana."

Kwana uku ina magana. Na ba ta labarin ƙuruciyarmu da ubanta, na yi mata waƙoƙin sujada har muryata ta dishe.

An yi aikin, Rahila ta tashi da rai. Yabo ga Ubangiji! Amma jin ya tafi. Yanzu a allo muke hira, matan zumuntar cocinmu suna karɓa-karɓa wajen zama da ita don Hannatu ta samu fita, ni kuma nake kai ta asibiti duk lokacin da aka sa mata. Likita ya ce akwai wani ƙaramin ƙarin da suke sa wa ido. Ku riƙa tunawa da ita cikin addu'a.

Na yi gwajin, ba a ga kome ba, ni da yarana. Sai dai ku sani, Ubangiji ya kwance ni tun kafin sakamakon ya fito. Shekara biyu ke nan giya ba ta taɓa bakina ba.

Na gode wa Allah da bai yashe ni ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai gidan da tsoro ya hana ka shiga, ka miƙa tsoron ga Yesu, ka dogara gare shi, ka je yau. Akwai mai jiran ka a ciki. Amin.