Baƙon da Wakilinmu Ya Manta

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Dattijo ne ke gaishe ka daga unguwar Hajj Yusuf.

A azumin nan wakilinmu na majalisa ya zo buɗa-baki ƙofar gidana, tare da faston nan na unguwar Mayo da ake zargi da janye 'ya'yan Musulmi. Wakilin ya ce, "Baba, aminina ne." Mu kuwa ba ma korar kowa daga tabarma, sai na miƙa wa faston kofin abre, abin shanmu na azumi.

Da magana ta kai masallaci, wakili ya rantse bai san faston ba. Maƙwabtan da muke buɗa-baki tare suka kwashe farantansu, yanzu ni kaɗai nake shan ruwa.

Jama'a, ku ba ni shawara: in faston ya dawo, in kore shi? Shi kaɗai ya aiko tambayar lafiyata.