Jar Motar da Ba Ta Fita

A wani shagon kayan mota a Gyaɗi-Gyaɗi, Ɗanliti direba ya dubi mai shago.

"Malam, wace na'ura ce ke faɗin ciwon mota?"

"Wace irin mota?"

"Ja ce, kujera biyu, inji a baya. Maigidana ɗan siyasa ne, ya sayo ta da aka rantsar da su. Jiya ta kunna wata fitila, ya ce in gano dalili ko in ajiye makulli."

"Kawo ta mu gwada."

"Cikinta a ƙasa yake, ba ta haura kwalbatin ƙofarmu. Ɗaga ta aka yi aka shigar."

"To ina take zuwa?"

"Ba ta zuwa ko'ina. Kullum da safe mukan tayar da ita, mu tsaya mu saurara. Wallahi da ka taɓa jin rurinta, da ba ka tambaya ba."