Yatsan da Na Dangwala a Kan Ɗorawar Uwata

Matan zumunta, salamar Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku. Ni ce Rifkatu mai daddawa, daga wani ƙauye kusa da Bagwai. Ba zan ɓoye muku ba, har yau in na tuna zancen nan raina tafasa yake yi.

Kun san al'adarmu, gona daban, itace daban. Ɗorawa biyar da ke bakin dajinmu na uwata ne, ita ma wajen uwarta ta gada. Babu takarda, kowa dai ya sani. Da kalwarsu nake daddawa, da ita nake riƙe gidana tun rasuwar maigidana.

Bara waccan mutanen gwamnati suka zo da zancen tallafin taki, aka ce mu yi layi mu dangwala yatsa a wata takarda. Ni da ko sunana ba na iya karantawa, har turereniya na yi don kada a bar ni a baya. Ashe takardar cewa take mun sallama dajin ya zama gandun gwamnati. Takin da aka ba ni kuwa, a bakin zanena na ƙulle shi.

Da ɗorawa ta nuna, na je da ƙugiyata. Malamin daji ya ƙwace ta a bainar jama'a, ya ce, "Inna, ai da hannunki kika bayar."

Daga ranar na zama wata iri. Na daina zuwa sujada, na zagi maigari, na zagi Fasto da ya ce in yi haƙuri. Wata safiya na ɗauki gatari, na ce in ba zan ci ba, to babu mai ci. Na sassaƙe ɓawon babbar ɗorawar har na kewaye ta. Da na isa ta biyu, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Na zube a gindinta ina kuka.

"Yesu, sun cuce ni, ga shi ina ƙarasa musu aikin. Ka riƙe ni!"

A nan Malam Isuhu, limamin ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, ya same ni. Ya karɓi gatarin, ya ce shi shaida ne, a gabansa uwata ta tsufa tana tara kalwar nan. Ya tara dattawa, Musulmi da Kirista, suka yi ta sintiri wajen hakimi har aka ce kowa ya tsinki 'ya'yan itacen gadonsa, amma banda sara.

Bana sauran huɗun sun yi 'ya'ya, Haleluya! Babbar ta bushe. Ba gwamnati ce ta kashe ta ba, ni ce.

Na gode wa Ubangiji da ya tsayar da ni a ta biyu. 'Yan'uwa, kada ku dangwala wa takardar da ba a karanta muku ba. In kuma an cuce ku, ku dogara ga Yesu, ku kai masa fushin kafin ku ɗauki gatari. Amin.