Kwamfutar Marigayi

A wata rumfar gyara a kasuwar Mubi, Mairamu, mutuniyar Vimtim, ta ajiye kwamfutar mijinta marigayi a gaban mai gyara.

"Mama, akwai ɗan ƙaramin ƙarfe a ciki mai riƙe makullin sirri," in ji shi. "In na goge shi, za ta koma kamar ba ta taɓa yin mai ita ba. Duk abin da ya kulle ya tafi ke nan, har hotuna."

"Goge. 'Yata za ta fara karatu da ita ranar Litinin."

"Ba kya son ganin abin da ya bari?"

"Shekara ashirin muna tare bai ba ni lambar ba. Ba zan bi shi kabari in roƙa ba."

Ta jawo benci ta zauna tana kallon hannunsa.